Tsayuwa Cak A Sararin Sama



Kullum muna yi wa matasanmu nasiha su dage, kada su fara abu su bari. Nasiha ce mai kyau. Sai dai ba mu cika tambayar me ke riƙe mutum a kan abin da ya fara ba, bayan ɗokin farko ya tafi. Kuma wai duk wanda ya ajiye abu rago ne? Ina so mu duba wannan ta wata sana'a da ta yi wa yawancinmu nisa: koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu.

Abin da ya fi wahalar da sabon ɗalibi a wannan jirgi shi ne tsayar da shi cak a wuri guda, ɗan sama da ƙasa kaɗan. Hannun hagu na riƙe da sandar da ke ɗaga jirgin ko sauke shi, na dama na riƙe da wadda ke karkata shi gaba, baya ko gefe, ƙafafu kuma suna kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Ka taɓa ɗaya, sauran biyun sai an gyara su. Ɗalibi zai gyara ya wuce gona da iri, jirgin ya riƙa lilo da shi, malaminsa ya karɓe, ya sake miƙa masa. Haka za a yi ta yi awa bayan awa, kowace awa kuma ɗaruruwan daloli ce. Mutumin da ya zo da mafarkin keta gajimare, ga shi yana gumi a saman ciyawa. A Amurka doka ta ce aƙalla awa 40 kafin lasisin farko, a Turai 45, kuma yawancin ɗalibai sai sun zarce haka.

To a nan ɗoki yake mutuwa, kuma ni ban ga laifinsa ba. Ɗoki baƙo ne, ba kai ke da ikon zuwansa da tafiyarsa ba. Abin da ake tambayar mutum a kai shi ne abin da ke hannunsa: ya zo darasi ranar da ba ya marmari, ko bai zo ba?

Akwai darasin da ya fi jan hankalina. Ana koya wa ɗalibi yadda zai sauka idan inji ya mutu a sama: nan take ya sauke sandar hagu, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya fukafukan, ya lallaɓa ya dira. A ƙananan jiragen koyo irin Robinson R22, jinkirin 'yan daƙiƙu ya isa fukafukan su rage gudu har a kasa ceto su. Zai maimaita wannan har ya gundure shi, alhali mai yiwuwa ya yi ritaya injinsa bai taɓa mutuwa ba. Don wa yake yi? Don wani fasinja da bai san shi ba, mara lafiya ko ma'aikacin mai, wanda zai zauna a bayansa wata rana. Ko bayan lasisi, dokar Amurka ba ta yarda ya ɗauki fasinja ba sai ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 da suka wuce. Amana ke nan aka zuba cikin lissafi. Wanda niyyarsa hoto da kakin matuƙa ce, wallahi wannan maimaici zai tona shi.

Shi ya sa a ganina wanda ya ce "ba zan iya ba wa wannan abu haƙƙinsa ba" ya ajiye, ya fi wanda ke leƙowa sau ɗaya a wata biyu, yana biyan kuɗi don tuno abin da ya manta. Na farko ya yi wa kansa gaskiya. Na biyun kuwa yana neman takardar da za ta ba shi damar ɗaukar rayuka da rabin ƙwarewa, mu kuma muna yaba masa wai ya dage.

Kuma naci daban, taurin kai daban. Huwan de la Siyerba, ɗan ƙasar Sifen, shi ya ƙirƙiro jirgin da ake kira otojairo, wanda iska ce ke juya fukafukansa na sama, inji kuma yana ja da farfela kawai. Ukun farko da ya ƙera daga 1920 ba su yi ba, suna karkata gefe, saboda fiffiken da ke tafiya gaba ya fi mai komawa baya ƙarfin ɗagawa. Bai sake ƙera irinsu yana cewa a yi haƙuri ba. Ya sa wa kowane fiffike gaɓa don ya iya ɗagawa da sauka, na huɗun ya tashi a Janairun 1923. Burin bai canza ba, hanyar ce ya yarda ta canza.

Igor Sikorski kuwa ajiyewa ya yi ɗungurungum. Ya ƙera masu saukar ungulu biyu a Kiyef, 1909 da 1910, babu wanda ya ɗaga mutum, don injunan zamanin ba su kai ba. Ya koma ƙera jiragen sama na yau da kullum, ya yi hijira zuwa Amurka, shekara kusan talatin ta wuce. Da a garinmu ne, da tuni an ce ai wane ya saduda. Ranar 14 ga Satumba, 1939, yana da shekara 50, ya hau sabon jirginsa VS-300 da kansa, jirgin na ɗaure da igiyoyi, ya ɗaga daga ƙasa na 'yan daƙiƙu. Sai a Mayun 1940 aka kwance igiyoyin.