Rinjaye Amana Ne

A zaɓen watan Yuni na 1989 a ƙasar Poland, ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta lashe kujeru 99 cikin 100 na Majalisar Dattawa, mulkin kwaminisanci ya rushe. Amma shugabanninta suka rarrabu, rashin aikin yi ya addabi talakawa, har a 1993 jama'a suka mai da magadan 'yan kwaminisanci kan mulki.

Me wannan yake koya mana? Ƙuri'a aro ce, mai ita kuwa yana nan yana kallo. Gwargwadon yawan rinjaye, gwargwadon nauyin amana. Saboda haka mu tambayi wanda ya ci zaɓe: cikin waɗanda suka zaɓe ka, nawa ka share wa hawaye?