Shin Motar Kaka Ce Har Yanzu?

Ina so in kawo gabanku wata matsala da ta hana ni barci a hutun da ya wuce. Kada ku yi mini dariya in na ce matsalar kujerar mota ce, domin Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kakana, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar wata tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera irin wannan mota a Faransa a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta haɗa ta har bayan Faransawa sun daina yin ta a ƙasarsu. Ta Kaka haɗin Kaduna ce. Injinta lafiya lau, amma cikinta abin tausayi. Rana ta tsattsaga dashbod, ledar kujerun baya ta yayyage, soso ya zama gari, ɓeraye kuwa sun gama da kafet.

Baffana, wanda motar ta faɗo a rabonsa, ya aike ni da ita wurin mai ɗinkin kujerun mota. Ya ce a fitar da kome a sa sabo irin na da, yadda duk wanda ya leƙa zai rantse ba a taɓa taɓa ta ba. Watau nufinsa ya sayar, don masu sha'awar motocin da sukan ba da kuɗi mai tsoka in suka ji cikin mota na asali ne.

Da muka isa, sai dattijon mai ɗinkin ya shafa kujerar direba inda ta lotsa, ya shafa sitiyari, ya ce, "Ɗan samari, mai motar nan ƙaƙƙarfa ne, kuma da hannu ɗaya yake tuƙi. Dubi inda ya yi sulɓi." Wallahi haka Kaka yake tuƙi, hannun dama a sitiyari, gwiwar hagu a taga. Ga mutumin da bai taɓa ganinsa ba ya karanta shi a jikin kujera kamar mai karatun allo. Nan take na ji ba na so a taɓa kome. To amma ƙarfe ya riga ya hudo kujerar, ba mai iya zama a kanta.

A nan tambayar ta taso mini: in an cire kujeru da rufi da kafet an sa sababbi, shin motar Kaka ce, ko kuwa wata ce mai kama da ita? Ashe tambayar ta girmi mota. Marubucin nan na Girka, Plutarch, ya ba da labari kusan shekara 1,900 da suka wuce cewa mutanen Atina sun adana jirgin ruwan gwarzonsu Theseus, duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo. Sai masana falsafa suka rabu biyu, wasu suka ce jirgin yana nan, wasu suka ce ya zama wani.

Mu fara da masu cewa abu shi ne kayan da aka yi shi da su. In mun bi su, to babu tsohon gidan ƙasa ko ɗaya a birnin Kano, domin a kai a kai ake sabunta yaɓe, a sauya azarar da gara ta ci, amma ba wanda ya taɓa cewa gidan gado ya zama na baƙi. Shi kansa Kaka ya sauya taya da batir ba adadi, motarsa kuwa ba ta daina zama tasa ba.

To, ko siffa kaɗai ta wadatar? Wani masanin Ingila, Thomas Hobbes, ya warware wannan a 1655. Ya ce a ɗauka wani ya tattara tsofaffin katakon da aka zubar, ya harhaɗa jirgi da su, wanne ne na Theseus? Haka nan in yaron shago ya kwashe kujerun Kaka ya ɗora a gangar jikin wata Fijo, ga mota biyu siffarsu ɗaya. Ke nan siffa ma ba ta raba gardama.

Ni a ganina, abin da ke riƙe abu ya zauna shi ne shi, salsala ce. Watau a san yadda ya taso, da abin da ya same shi, da wanda ya gyara, ba tare da igiyar labarin ta tsinke ba. In haka ne, ashe matsalar ta tashi daga falsafa ta koma ta ɗabi'a. Gyaran da ya faɗi gaskiya ƙarin zare ne a igiyar, wanda ya ɓoye kansa kuwa almakashi ne. Masu adana tsofaffin gine-gine sun gane haka, shi ya sa yarjejeniyarsu ta Venice ta 1964 ta shar'anta cewa duk abin da aka cike da shi ya dace da na asali, amma a iya bambanta su. Masu tsofaffin motoci ma suna da tasu ta Turin, wadda ta fara aiki a 2013, mai neman a rubuta duk sauyin da aka yi. Abin da Baffa ya nufa kuwa, mu a kasuwa sunansa algus.

Dattijon nan bai san Plutarch ba, amma shi ya fitar da mu. Ya ɗinka kujerun baya da rufi da kafet sababbi, kalar da ta fi kusa da ta da. Kujerar direba kuwa ya kwance tsohuwar ledar a hankali, ya yi mata shafi da yadi ta ciki, ya gyara ƙarfen, ya sa sabon soso, ya mayar da ita. Sitiyari bai taɓa ba. Ni kuma na rubuta duk abin da aka sauya a ɗan littafi na ajiye cikin motar.

Ba zan ɓoye muku ba, an yi asara. Lotsawar nan ta tafi da tsohon soso, ba ta dawowa. Baffa ma ya yi fushi, ya ce karatun boko ya rage masa kuɗi, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba. Amma na gane cewa wanda ya ƙi yarda a rasa kome, tsatsa da ɓera za su raba shi da duka.

Daga ƙarshe, mu ɗaliban Hausa kada mu ce wannan ba ruwanmu. Gobe za a tura mu mu ɗauko tsohon rubutun ajami da gara ta ci, ko waƙar baka daga kaset mai ƙara. In mun cike giɓi da kalmarmu, ba laifi, amma mu sa alama mai karatu ya san namu ne. In muka yi shiru, mun sayar wa na baya da sabon soso da sunan na asali. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.