Inuwar Da Ba Mu Dasa Ba

Karatu: Farawa 2:8-15, 9:8-17, Maimaitawar Shari'a 20:19-20, Irmiya 29:4-7



Duk wanda ya taɓa zama a Yerwa cikin watan Afrilu ya san darajar darbejiya. Sa'ad da zafi ya haura digiri 40, a ƙarƙashinta mai faci yake aiki, nan mai shayi yake kafa teburinsa, nan 'yan makaranta suke jiran abin hawa. Lokacin da nake ɗalibi a Jami'ar Maiduguri na sha wannan inuwa shekara huɗu, ban taɓa tambayar wanda ya dasa ta ba. Ashe darbejiya baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya, a 1928 kuwa aka shigo da ita lardin Borno. Wato kowane itace da ke jere a titunan birnin, wani ne ya haƙa masa rami, ya yi ta ɗauko masa ruwa cikin rani, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da yawa cikin waɗannan bayin Allah sun rasu tun inuwar ba ta isa zama ba.

Littafin Farawa ya nuna mana cewa aikin fari da Allah ya danƙa wa mutum aikin gona ne, kuma kashi biyu ne: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mu lura, an ba shi wannan aiki tun kafin faɗuwa, saboda haka ba hukuncin zunubi ba ne. Daraja ce. Kashi na fari mun iya shi ƙwarai, gama ba a bar mu a baya wajen cin amfanin ƙasa ba. Na biyun ne muka yi wa riƙon sakainar kashi, sai ka ce mu ne masu gonar, alhali kuwa amana aka ba mu, Mai ita kuma zai tambaya.

Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ya shiga gari da dare. Gwange da Fori, Kasuwar Monday, fadar Shehun Borno, asibitin koyarwa na jami'a, duk ruwa ya shiga. Mutum wajen 400,000 suka bar gidajensu. Wannan madatsa ce dai ta jawo wa birnin ambaliya a 1994, shekara talatin cif kafin nan. A gidan namun daji na Sanda Kyarimi, inda da yawanmu muka kai 'ya'yanmu su ga zaki da jimina, masu kula da wurin sun ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun hallaka, ruwa kuma ya kwashi kada da macizai ya kai su unguwanni. Da na ji haka sai na koma na sāke karanta labarin Nuhu. Na tarar cewa sa'ad da Allah ya tuna da Nuhu a cikin jirgi, har da dabbobin ya tuna. Alkawarin bakan gizo kuwa da kowane mai rai aka ƙulla shi, ba da 'yan Adam kaɗai ba. Shekara nawa muna koya wa yara wannan labari a makarantar Lahadi ba mu tsaya a kan wannan ba?

Sojoji da ma'aikatan agaji sun yi aikin ceto, Allah ya sāka musu. Amma duk wanda ruwan ya ritsa da shi zai gaya maka cewa hannun da ya fara kama shi na maƙwabci ne: samarin unguwa, masu kwale-kwale, matan da suka ɗora tukunya suka dafa wa mutanen da ba su sani ba.

Irin wannan hannu ne, idan ya shirya kansa ya daure, yake zama ƙungiyar sa-kai ta gida. Yerwa tana da su. A 2007 wani lauya, Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar Future Prowess, inda marayun da rikici ya bari suke karatu kyauta, ɗan wanda aka kashe da ɗan wanda ya yi kisan a benci ɗaya; a 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Hajiya Hamsatu Allamin ta kafa gidauniyar da ke tsaya wa matan da mazajensu da 'ya'yansu suka ɓace. Dr Rebecca Dali, 'yar ikkilisiyar EYN, ta kafa CCEPI tun 1989 domin gwauraye da marayu a arewa maso gabas. Yamma da mu, a fadamar Haɗeja da Nguru, ƙungiyar NCF ta yi shekaru tana aiki da mutanen karkara wajen kiyaye ruwa da tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi rani a can. Ga kuma waɗanda ba su da ofis balle allon suna: matasan da ke yashe magudanai kafin damina, malamin firamaren da ke renon dashe a ledar ruwa a bayan aji.

Dalilin da ya sa nake ambatonsu yanzu shi ne, shekaru da dama mun saba da fararen motocin ƙungiyoyin ƙetare, har muka ɗauka kula da gari aikinsu ne. Ba butulci nake yi ba, sun ciyar da mayunwata, sun ceci rayuka. Amma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, tallafi ya ragu, ayyuka da yawa suka tsaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na san wani zai ce, “Mutane suna mutuwa, kai kana zancen itatuwa da kada?” Tambaya ce mai nauyi, Shari'ar Musa kuwa ta riga ta amsa ta. A tsakiyar dokokin yaƙi aka hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya na birnin da suka kewaye, domin itace ba abokin gāba ba ne, kuma bayan yaƙi za a bukaci abinci. Borno ta ga gaskiyar wannan da idonta. Da mutanen ƙauyuka suka gudo Yerwa, bukatar makamashi ta ninka, dajin da ke kusa ya ƙare, sai aka riƙa nausawa nesa, an kuma kashe masu neman itace da dama a hanya. Ba zan ɗora laifi a kan gwauruwar da ta saro reshe ta dafa wa marayunta tuwo ba. Amma wanda ya koya mata gina murhun da ke tsimin itace, ko ya dasa mata abin da za ta sara kusa da gida, ya rage mata tafiyar da ake zuwa ba a dawowa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ya bar masunci da manomi da makiyayi suna rububin abin da ya saura. Zancen itace da ruwa, zancen ran mutum ne.

Mu kanmu fa? Na taɓa ziyartar wata majami'a, ba zan faɗi sunanta ba, inda aka sare manyan darbejiya shida aka malale filin da siminti domin ajiye motoci. Bayan shekara biyu aka yi baiko na musamman don sayen rumfa, gama mata da yara ba su da wurin tsayawa in an tashi sujada. Na yi dariya, na kuma ji kunya, domin ina cikin waɗanda suka yaba wa simintin. Gara mu tuna, a ƙarƙashin tsamiya aka yi sujadar fari a Garkida ran 17 ga Maris 1923.

Akwai kuma mai cewa yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba na masu bi ba ne. Haka ne. Amma Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila cewa su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Babila ke nan, balle garin da aka binne cibiyar 'ya'yanmu. Ruwan Alau bai tambayi addinin kowa ba kafin ya shiga ɗaki. Abin da ya kamata mu yi hattara da shi, shi ne ƙungiyar da ofishinta yake cikin jakar mutum ɗaya, wadda ke dasa itace domin hoto. Gane ta ba wuya: a ce su nuna dashen bara, a ga nawa ne ke raye.

Saboda haka ina roƙon dattawan kowace ikkilisiya a Yerwa su nemi ƙungiya ɗaya mai gaskiya a unguwarsu, su je su tambaye ta abin da take bukata. Sau da yawa ba kuɗi ba ne. Hannuwa ne, da shebur, da amalanke, da wurin taro. Zumuntar Matasa ta ɗauki magudanar da ke gaban majami'a kafin ruwan Yuni. Zumuntar Mata ta gayyato mai koya gina murhu. Kowane gida kuma ya dasa itace ɗaya a watan Yuli, darbejiya ko tsamiya ko mangwaro, a damƙa shi a hannun yaro guda, a ware masa ruwan da aka wanke shinkafa da shi, a kuma kafa masa shinge tun ran da aka dasa, gama awakin Yerwa ba sa jira.