Rabon Tallafi a Cikin Duhu

Idan shugaba bai da cikakken sani, jira zai yi har sanin ya cika, ko kuwa aiki zai yi da ɗan abin da ke hannunsa? Mu a Togo mun ga wannan tambaya a aikace a shekarar 2020.

Korona ta shigo mana a watan Maris, aka sa dokar hana fita da dare a Lome, cinikin 'yan babur da mata masu talla ya tsaya. A watan Afrilu gwamnati ta ƙaddamar da Novissi, shirin tura tallafin kuɗi ta wayar hannu. To amma wa za a ba? A lokacin babu rajistar matalauta, ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma tun 2010 aka yi ta. Sai aka dogara da katin zaɓe, wanda ke nuna sana'ar mutum da inda yake zaune. Mace na samun sefa 12,250 a wata, namiji 10,500.

Da aka zo faɗaɗa shirin zuwa karkara, ma'aikatar minista Cina Lawson ta haɗa kai da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da ƙungiyar GiveDirectly. Da hotunan tauraron ɗan'adam aka zaɓi yankuna 100 mafiya talauci, sannan kwamfuta ta kintaci ƙarfin aljihun kowa daga yadda yake amfani da wayarsa.

Abin da ya fi burge ni ya zo ne a 2022, lokacin da masanan suka wallafa sakamako a mujallar Nature. Sun ce hanyarsu ta rage tsallake mabuƙata da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari, idan aka kwatanta da rabo bisa yanki kawai. Amma sun kuma ce da akwai cikakkiyar rajista, da tsallakewar da hanyarsu ta yi ta fi tata yawa da kashi 9 zuwa 35. Sun auna kuskurensu, sun faɗe shi a fili.

A ganina nan ne adalcin yake. Jira ma hukunci ne, kuma mai jin yunwa ne ke biyan kuɗinsa. Da babu gara ba daɗi. Sai dai wanda ya yanke hukunci da rabin sani bashi biyu ne a kansa: ya auna inda ya kauce, ya kuma bar ƙofa ga wanda ma'auninsa bai gani ba.

Nan Adidogome, kamar sauran zangunanmu, mun san waɗannan mutane. Akwai tsohuwar da ba ta da waya. Akwai ɗan Maraɗi da ya shekara ashirin yana dako a Lome, amma ba shi da katin zaɓen Togo. Lissafin bai ce suna da hali ba, bai ma ƙirga su ba. Don haka duk jami'in da ya zo gidan rediyo ya ce mana “bincike ya nuna”, tambayar da nake fara yi masa ita ce: su wa binciken bai gani ba, kuma ina za su kai kukansu?