Tafinta A Makaranta Amana Ce, Ba Aikin Yaro Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wani abu da yakan faru a makarantu wanda ba a cika lura da shi ba. Akan kira uba saboda ɗansa, alhali uban Fillanci kaɗai yake ji, ko Barbarci, malami kuwa sai Hausa da Turanci. Irin wannan ya ƙaru tun daga 1976 da aka fara ilmin firamare kyauta, ya kuma ƙaru bayan 2009 da rikicin Barno ya watsa iyalai garuruwan da ba a jin harshensu. In an rasa yadda za a yi, sai a jawo yaron da ake ƙara a kansa a ce ya yi tafinta. Malami ya ce yaro ya yi kwana 20 bai shiga aji ba, yaro ya waiwaya ya ce wa uban wai malam ya ce ya ƙara ƙoƙari. Uba ya yi godiya ya tafi. To, alhakin wa ke nan?

Babu shakka yaron ya yi ƙarya, amma wanda ya ba kura ajiyar nama shi ya fi cancantar zargi. Ko yaro mai gaskiya ne, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Kunya za ta hana shi faɗin wasu maganganu gaban mahaifinsa, wasu kalmomin kuma bai san fassararsu ba. Banda wannan, girman uba yakan zube in ya zamana sai abin da ɗansa ya ga dama zai ji.

Addinin Musulunci bai ɗauki bambancin harsuna a kan aibi ba. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafta shi cikin ayoyin Allah, aya ta 4 ta Suratu Ibrahim kuma ta nuna kowane Manzo da harshen mutanensa aka aiko shi domin ya yi musu bayani. Ashe ke nan isar da magana ba ta cika sai wanda aka gaya wa ya gane.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuwa koye cikin kamar rabin wata. Abdullahi ɗan Abbas ma yana da Abu Jamrata mai yi masa tafinta tsakaninsa da jama'a. Wani zai ce ai Zaidu ma saurayi ne a lokacin. Haka ne, amma zaɓensa aka yi don aminci, aka sa shi ya koyi aikin, kuma ba a kansa ake maganar ba. Malaman fiƙihu sun ɗauki al'amarin da nauyi har suka yi saɓani game da tafintan alƙali: Imamu Abu Hanifa ya ce mutum ɗaya amintacce ya wadatar, Imamu Shafi'i ya ce sai biyu, kamar shaidu. In tafinta ya kusanci shaida haka, yaya za a sa yaro ya yi ta a kan maganar da ta shafi kansa?

Ko a ƙasashen da ba na Musulmi ba an gane haka. A 2015 ma'aikatun ilmi da na shari'a na Amurka sun gargaɗi makarantu da su samar wa iyaye tafintoci ƙwararru, kada su dogara da ɗalibai ko 'yan'uwansu.

Wanda ya karɓi wannan aiki kuwa ya sani amana ya ɗauka. Kada ya ƙara, kada ya rage, kada ya sassauta magana don jin nauyin malami ko tausayin uba. Abin da ya ji na talaucin gida ko ciwon yaro ya bar shi a nan, kada ya kai kasuwa. In kalma ta shige masa duhu ya tsaya ya tambaya, ya fi ya yi kame-kame.

Masu makarantu sukan ce ba su da kuɗin ɗaukar tafinta. Uzurin yana da ƙarfi, amma ba ya kawar da haƙƙi. Uba makiyayi ne da za a tambaye shi game da 'ya'yansa, kuma ba zai iya kiwon abin da bai san halinsa ba. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa, shi ma wajibi ne. Da wuya a sami unguwar da babu dattijo ko malama mai jin harsuna biyu. Aikin ƙungiyar iyaye da malamai ne, tare da limamai da masu unguwa, su nemo irin waɗannan, su san amincinsu, su yanka musu ɗan alheri, a riƙa kiransu ranar da ake bukata. Haka uba zai ji gaskiyar halin ɗansa tun gyara bai gagara ba.

Allah Ya ba da ikon riƙon amana, amin.