Tsince Talla Daga Shirin Talabijin: Sata Ce Ko Ba Sata Ba?

Mutum ya kan ɗauki shirin talabijin ya ajiye a cikin kwamfuta domin ya kalla sa'ad da ya sami sukuni. Da ya ke irin wannan ajiya tana cin wuri da yawa, sai ya juya ta zuwa wani tsari mai sauƙin nauyi, kamar wanda a ke kira MP4. A wajen juyawar nan ne ya kan tsince tallace-tallacen da masu tasha suka cusa, kamar yadda mace ke tsince tsakuwa daga shinkafa. Akwai manhajar da ke yin wannan aiki, irin su Comskip. Tana lura da inda allo ya yi baƙi, da inda murya ta ɗauke, da inda tambarin tasha ya ɓace daga kusurwa, ta sa alama, a yar da abin da ke tsakani. Aikin ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne sanin ko akwai haƙƙin wani a ciki.

Masu tasha suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun 1941, da kamfanin agogo na Bulova ya sa talla ta fari da aka biya kuɗinta a talabijin a birnin New York, da kuɗin 'yan kasuwa a ke biyan masu wasa da masu ɗaukar hoto. A Amurka shirin rabin sa'a ya kan zama kamar minti 22, sauran na talla ne. A ganinsu, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Har a 2002 Jamie Kellner, shugaban Turner Broadcasting a lokacin, ya fito fili ya ce tsallake talla sata ce.

To, amma alkawari ba ya ƙulluwa sai da yardar mutum biyu. Ɗan kasuwa da mai tasha su suka yi ciniki, mai kallo kuwa bai halarta ba, bai sa hannu ba. Abin da ɗan kasuwa ya saya dama ce ta nuna hajarsa. Tun kafin a ƙago na'urorin nan, mutane su kan tashi su sha ruwa in talla ta zo, ba wanda ya kira su ɓarayi. Mai tallar goro yana da ikon ɗaga murya a bakin hanya, amma ba shi da ikon riƙe rigar mai wucewa.

Shari'un Amurka sun taɓa wannan magana. A 1984 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 suka rinjayi 4, ta yanke cewa wanda ya ɗauki shiri da na'urar Betamax ta kamfanin Sony domin ya kalla daga baya a gidansa bai yi laifi ba. A 2001 manyan tashoshi suka kai ƙarar masu ReplayTV, wadda ke tsallake talla da kanta, amma kamfanin ya karye a 2003 ba a kai ga hukunci ba. A 2013 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi hana kamfanin Dish irin wannan aiki, ko da ya ke Fox ta nema.

Duk da haka, abin da alƙali ya bari ba lalle ne mai hankali ya saki jiki da shi ba. Rijiyar da kowa ke ɗiba ba mai yashewa, wata rana guga zai dawo da laka. In kiɗa ya sake, rawa sai ta sake: 'yan kasuwa sun ƙara cusa kayansu a cikin wasan kansa, inda almakashi ba ya isa, shirye-shirye masu yawa kuma sun koma sai an biya kuɗin wata. Nauyin wannan a kan talaka ya ke faɗawa, shi da talla ce ta ba shi kallo kyauta.

Saboda haka iyaka a nan ta ke. Wanda ya tsince talla daga abin da ya ajiye domin kansa da iyalinsa, lokacinsa ya tsare, bai ɗauki na kowa ba. Wanda ya tsince sa'an nan ya rarraba wa duniya, ko ya sayar, ya girbe gonar da bai nome ba, ya kuma hana mai gona rabonsa. Mai kallon da ya ƙi talla kuwa, in yana son shirin ya ɗore, mutunci ya sa ya nemi wata hanyar da zai taimaka wa masu yinsa, ko da biyan kuɗin wata ne, in yana da hali.