Zafin Yatsa da Ma'anar Haƙuri

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wata rana bayan sallar La'asar, jama'a sun watse, sai wani dattijo daga cikin mutanen sahun gaba ya tsaya yana jiranmu a bakin ƙofar masallaci. Tela ne, ya ba shekara hamsin baya. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mana hannuwansa, muka ga kan yatsunsa huɗu duk ɗigo-ɗigo baƙi, fatar ta yi kanta. Sati uku ke nan da likita ya shaida masa yana da ciwon sukari, aka ɗora shi a kan allurar insulin, aka ce ya riƙa huda yatsa yana auna jininsa sau huɗu a yini. Ya ce: "Malam, allurar ɗinki ta fara gagarata riƙewa, ko tasbaha na ja sai na ji abin har cikin raina. A gida ina jin kunyar faɗa, kada a ce dattijo yana raki a kan ɗan tsini. Shi ne na ce ko in bar awon nan in dogara ga Allah, tun da kwana in ya ƙare ya ƙare. In kuwa barin laifi ne, sai in ci gaba a haka in daure, ko na samu lada."

Ba mu ba shi amsa nan take ba. Mun roƙe shi kwana biyu, domin ƙofofi biyun da ya buɗe mana, barin awo da sunan tawakkali da kuma cije baki da sunan haƙuri, kowace tana sanye da rigar addini, kuma hankalinmu bai kwanta da ko ɗaya ba. A cikin kwanakin nan muka zauna da wani malamin asibiti da ke salla tare da mu, muka yi masa tambayoyi irin na ɗalibi, domin wanda zai yi hukunci a kan abu dole ne ya fara sanin yadda abin yake.

Mu fara da kunyar da ya ambata. Huda huɗu a yini, a sati uku ta zama 84, a shekara kuwa 1460. Wanda yake cewa ai ɗan tsini ne kawai, sau ɗaya ya ƙirga. Kuma kan yatsa yana daga cikin wuraren da Allah ya fi tara jijiyoyin ji a jikin ɗan Adam, da shi makaho yake karatu, da shi mace take gane tsakuwa a cikin gero. Shari'a ba ta raina ƙaramin zafi ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abubuwan da Allah yake kankare zunubin mumini da su, ya sauko daga rashin lafiya da baƙin ciki har ya kai ga ƙayar da take sukarsa. Abin da Annabi ya ga ya isa a ambata, wane ne mu da za mu yi wa mai shi dariya? Shi kansa Annabi, a cikin ciwonsa na ƙarshe, ya faɗa wa Nana A'isha cewa kansa yana ciwo. Annabi Ayuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa a kan cutar da ta same shi, duk da haka Allah ya yabe shi da haƙuri. Abin da malamai suka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Faɗa wa likita ko iyali cewa wuri kaza yana yi mini zafi, wannan ba da labari ne, kuma sau da yawa shi ne mafarin samun sauƙi.

Sai ƙofar farko, wato barin awo. A nan ne haɗarin ya fi girma, domin ciwon sukari ɓarawo ne mai sanɗa. Mutum yana iya yin shekaru sukari yana hawa a jininsa, yana cin idanunsa da ƙodarsa da jijiyoyin ƙafafunsa, shi kuwa yana kasuwa yana ciniki bai ji komai ba. Likitoci suna cewa mutum ya kamu idan awon safe kafin karin kumallo ya kai giram 1,26 a lita kuma aka sake aunawa aka samu haka. Wanda yake kan insulin yana da wani haɗari na biyu, shi ne sukarin ya faɗi ƙasa da giram 0,70, sai jiki ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, hankali ya rikice, in ba a gaggauta ba shi abu mai zaƙi ba ya suma. Ɗigon jinin nan shi ne fitilar da mai wannan ciwo yake tafiya da ita cikin dare.

Mutanen da ba su samu wannan fitila ba. A ƙauyukanmu ana gane ciwon ne idan an ga tururuwa ta taru a inda mutum ya yi bawali, sa'an nan kuwa abu ya riga ya yi nisa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 1037, ya siffanta ciwon a cikin littafinsa na likitanci, amma maganinsa bai zo hannun mutane ba sai da aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921. Na'urar awo ta gida kuwa sai wajen 1980 ta fara shiga hannun marasa lafiya. Wanda Allah ya jinkirta zuwansa duniya har ya riski wannan sababi, sa'an nan ya ajiye shi ya ce ya dogara ga Allah, muna ganin ya yi wa tawakkali mummunar fahimta. Manomi ba ya barin shuka domin arziki na Allah ne. Ajali a rubuce yake, gaskiya ne, amma makanta da yanke ƙafa da mutum ya jawo wa kansa da sakaci, za a tambaye shi a kan amanar da aka ba shi.

Akwai wani abu da malamin asibitin nan ya faɗa mana wanda ya hana mu barci. Ya ce marasa lafiyar da suka fi ba shi tsoro su ne waɗanda suka daina jin zafi. Idan sukari ya daɗe yana sama, yakan kashe jijiyoyin ji, yana farawa daga yatsun ƙafa. Mutum zai taka ƙaya ko ƙusa, ya yini da ita cikin takalmi bai sani ba, ciwon ya ruɓe, a ƙarshe a kai shi ɗakin tiyata. Ashe zafin da dattijon nan yake kuka da shi shaida ce cewa jijiyoyinsa suna raye, kuma huda yatsan da yake yi yana daga cikin abin da zai tsare masa wannan ji. Mun daɗe muna karanta hadisin ƙaya muna kallon ladar da ke cikin suka, ba mu taɓa tsayawa muka yi tunanin halin wanda ƙaya take shiga jikinsa bai ji ba.

To ƙofa ta biyu fa, wato ya ci gaba a yadda yake ya daure? Wannan ita ta fi yaudarar mutanen kirki. Buhari ya ruwaito cewa Annabi yana huɗuba sai ya hangi wani mutum tsaye cikin rana. Da ya tambaya, aka ce ya yi bakance ne zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai Annabi ya yi umarni ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Ku duba yadda aka raba abin: an bar masa wahalar da take ibada, an sauke masa wadda ya ɗora wa kansa. Zafin da ba makawa sai an sha shi, a nan ake haƙuri kuma a nan lada take. Zafin da ilmi kaɗan zai iya kawar da shi, zama a cikinsa ba ya ƙara wa bawa daraja.

Da muka koma wurin dattijon tare da malamin asibiti, sai ga shi mafi yawan wahalarsa daga wannan kashi na biyu take. Tun ranar farko a tsakiyar tsokar yatsa yake hudawa, kuma babban yatsa da manuni kaɗai, su ne kuwa yatsun da tela yake cin abinci da su. Ƴar allurar da aka sa masa a cikin abin hudawa ranar da ya sayi na'urar, ita ce dai har yau, ta dakushe, tana yaga fata maimakon ta huda. Abin hudawar yana da lambobi na zurfi, shi kuwa a kan lamba ta ƙarshe ya bar shi, yana zaton haka ya fi inganci. Babu wanda ya zauna ya nuna masa. Ba mu faɗi wannan domin zargin kowa ba, mun san yawan jama'ar da ke layi a gaban likita ɗaya.

Ga abin da aka koya masa, mun rubuto shi domin mun san ba shi kaɗai ba ne. A huda gefen kan yatsa, ba tsakiya ba, domin gefe ya fi ƙarancin zafi kuma ba shi ake taɓa abubuwa da shi ba. A riƙa zagayawa: kowane yatsa yana da gefe biyu, wanda ya keɓe babban yatsa da manuni saboda sana'a yana da sauran wurare goma sha biyu, kowane ya huta kafin a dawo kansa. A rage zurfi zuwa mafi ƙanƙantar lambar da take fitar da ɗigon da ya isa. A sa sabuwar allura kowane awo. Kafin a huda a wanke hannu da sabulu da ruwa mai ɗumi a shanya shi sarai, a sake shi ƙasa na ɗan lokaci jini ya sauko, musamman da hunturu lokacin da yatsu suke sanyi. Wanda ya wanke da sabulu ba ya bukatar alkol, domin yawan shafa shi yana busar da fata. Kada a matse bakin yatsa da ƙarfi, a shafo shi a hankali daga tushe. Da dare a shafa man kaɗe, amma ba dab da awo ba. Kuma wanda ya taɓa dabino ko mangwaro bai wanke hannu ba, na'ura za ta ƙirga zaƙin da ke kan fatarsa ta ba shi lambar da za ta tayar masa da hankali a banza.

Mun san za a ce sabuwar allura kullum sai mai hali. Gaskiya ne, allurai da ƴan takardun awo da ake kira bandelet suna cin kuɗi, na'urar da ake mannawa a damtse tana awo kwana 14 ba tare da yawan huda ba kuwa ta fi ƙarfin mafi yawanmu. Wanda abin ya yi wa nauyi ya faɗa wa likitansa a fili, domin ba kowa ne ake bukatar ya auna sau huɗu ba. Mai shan ƙwaya kaɗai sau da yawa ana rage masa ƙwarai. Likita ne zai rage, ba mai ciwo da kansa ba. Abu ɗaya ne babu rangwame a cikinsa: mutum biyu ba sa tarayya a allura ɗaya ko abin hudawa ɗaya, ko da miji da mata ne, domin ta nan ciwon hanta da sida suke iya ratsawa. Mu kuma masu zuwa dubiya, maimakon kwalaben lemo da muke kai wa mai ciwon sukari, gwangwanin bandelet ɗaya ya fi kusa da sadaka. Haka nan idan ya ce ba zai sha shayinmu ba, mu daina rantse masa sai ya sha.

Ya yi mana wasu tambayoyi na fiƙihu, amsarsu gajera ce. A mazhabar Imam Malik fitar jini daga yatsa ba ya warware alwala, wanda ya karanta Ahalari ya san ba ya cikin abubuwan da aka lissafa, ko da yake Hanafawa suna ganin jinin da ya kwarara yana warwarewa. Ɗan abin da ya taɓa riga, in bai kai faɗin dirhami ba, an yi rangwame a kansa, a yi salla da shi. Huda yatsa domin awo ba ya karya azumi, hasali ma mai ciwon sukari da likita ya yarje masa azumi a lokacin ne ya fi bukatar awo. Idan ya ga ƙasa da giram 0,70 ko sama da giram 3, ya sha ruwa ko da saura kaɗan rana ta faɗi, ya rama daga baya in ya samu iko, in kuwa likita ya ce ba zai ƙara iyawa ba sai ya ciyar.

Bayan kamar kwana goma muka bi ta gaban shagonsa, muka tarar da shi yana ɗinkin wuyan wata riga da hannu. Muka ce: "Alhaji, yaya yatsun?" Ya ɗaga mana ƙaramin yatsansa na hagu ya ce yau layin wannan ne, har yanzu yana ji, amma ba kamar da ba. Ya ce abin da ya fi yi masa wuya shi ne daren da ya zaunar da iyalinsa ya nuna musu hannuwansa. Yanzu ƴarsa ta fari ce take ɗora masa ruwan ɗumi kafin Asuba, ita ce kuma take rubuta lambobin a cikin wani ɗan littafi da zai kai wa likita ƙarshen wata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.